Intanet a gida a Tignère: kamfanoni da yawa, hanya guda

A Duwala ko Yawunde, mai son saka intanet a gida yana iya tambayar farashin wayar fiba da za a ja masa har cikin ɗaki. A Tignère, babban garin gundumar Faro-et-Déo a jihar Adamawa ta Kamaru, kimanin kilomita 130 daga Ngawundere, maganar ta fi haka sauƙi kuma ta fi haka ciwo. Ga yawancin gidaje, intanet na gida yana nufin katin SIM ne a cikin ɗan akwatin wifi, ko wayar maigida da yara ke jona tasu a kai. Tambayar ita ce: katin wa za a saka?

Amsar tana da nauyi fiye da kallon bidiyo. Ɗalibin da zai yi rajistar shiga Jami'ar Ngawundere ko ta Garwa, wadda aka kafa a 2022, yana buƙatar rezo mai tsayawa. Haka dillalin shanu da ke tura hoton bijimi ga mai saye a kudu, da ɗan kasuwar da ya gwammace karɓar kuɗinsa ta Orange Money ko MoMo a kan ya ɗauko su a aljihu, a yankin da ya sha fama da masu garkuwa da makiyaya. Ga Hausawan garin kuma, WhatsApp ne ke riƙe zumunci da dangi a Yola, Kano ko Maraɗi.

A takarda kamfanoni huɗu ne: MTN, Orange, Camtel na gwamnati mai tambarin Blue, da Nexttel. MTN da Orange sun sabunta lasisinsu a watan Maris 2015, kowanne a kan sefa biliyan 75, suka samu izinin 3G da 4G. Nexttel ya shigo a 2014 da alkawarin kai rezo ƙauyuka, sai rikici tsakanin Viettel na ƙasar Biyetnam da abokin hulɗarsa, attajiri Baba Ahmadou Danpullo, ya durƙusar da shi. Saboda haka takarar gaske tsakanin biyu ce, na ukun yana biye.

Sai dai abin da tallace-tallace ba sa faɗa shi ne, waɗannan kamfanoni suna bin hanya ɗaya. Camtel ne ke riƙe da babbar wayar fiba da ta haɗa biranen ƙasar, MTN da Orange haya suke yi a wurinsa. Wayoyin ƙarƙashin teku kuwa duk a kudu suke sauka: SAT-3 a Duwala, WACS a Limbe, SAIL da ta taso daga Barazil a Kribi. Saƙon da ya tashi daga Tignère sai ya ratsa ɗaruruwan kilomitoci kafin ya kai bakin ruwa. Idan motar gyaran hanya ta tsinke waya a wani wuri tsakanin Ngawundere da Yawunde, canza kati daga rawaya zuwa ruwan lemo ba lalle ya yi magani ba. An ga babban misali ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe masu yawa, har da Kamaru. Kamfanonin waya kan ɗora laifi a kan tsinkewar fiba, Camtel kuma ya ce su gyara nasu kayan. Mai saye dai forfe ɗinsa na ƙarewa ko ya yi amfani da shi ko bai yi ba.

Na biyu shi ne wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo kusa da Garwa, mai ƙarfin megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Guider sun rage raɗaɗi, ba su kashe shi ba. Eriyar kamfani tana buƙatar batir da janareto da man da za a kai mata ko da damina ta ɓata hanya. Akwatin da ke ɗaki shi ma ba ya aiki da iska. Gidan da ya sayi akwati mai tsada ba tare da ɗan faranti mai zuƙar rana ko batir ba, rabin ciniki ya yi.

Nan ne zaɓin ya koma ƙarami, amma na gaske. A ƙasa mai tudu da kwari kamar wannan, inda tsaunukan Cabbal Mbabo ke kusa, eriyar da ta fi kusa da gida ita ce alƙali, ba sunan kamfani ba. Unguwa biyu a gari ɗaya na iya ba da sakamako daban. Hanyar da ta fi arha ita ce a sayi ƙaramin forfe na kowane kamfani, a gwada a cikin ɗakin da za a ajiye akwatin, ba a bakin titi ba, kuma da daddare bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau. Sandunan da waya ke nunawa ba hujja ba ne. Kiran bidiyo na minti goma ya fi su gaskiya. Wanda ya gwada da rani kaɗai bai gama gwaji ba.

Akwai kuma tarko a wurin sayen akwatin. Wanda kamfani ke sayarwa, irin Flybox na Orange, yawanci an tsara shi ne don katin kamfanin, alhali akwatin da ba a kulle ba yana karɓar kowane kati. A wurin da rezo ke sauya hali, 'yancin cire kati a saka wani ya fi rangwamen farashi daraja. Kalmar "illimité" ma a yi mata karatun tsanaki, domin sau da yawa gudun yana raguwa bayan an cinye wani adadi.

To, Starlink fa? Jarabar tana da ƙarfi, musamman ga gundumar da ta yi iyaka da Najeriya ta wajen Kontcha. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara amfani da shi a Janairu 2023, Nijar da Chadi suka biyo baya a 2025. Tauraron ɗan'adam ba ruwansa da fibar Camtel. Amma a watan Afrilu 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umarnin ƙwace na'urorin da ake shigowa da su, saboda kamfanin ba shi da lasisi. Wanda ya tsallako da faranti daga Najeriya ba tare da tabbatar da matsayin doka ba yana iya asarar kuɗi da kaya, kuma babu ofishin da zai kai kuka.

Kukan ma yana da tarihi. A watan Afrilu 2023 masu amfani da waya suka yi zanga-zangar "mode avion", suna katse wayoyinsu na sa'o'i biyu da rana don nuna fushi kan tsada da rashin inganci. Wata guda bayan haka hukumar sa ido ta ART ta ci kamfanonin huɗu tarar sefa biliyan 6, Orange ya ɗauki kaso mafi girma. Tara dai ba ta kafa eriya a Galim-Tignère ko Mayo-Baléo. Abin da zai amfani waɗannan garuruwa shi ne ART ta riƙa wallafa sakamakon awon ingancin rezo gunduma-gunduma, yadda magidanci zai san ƙarfin kowane kamfani a garinsu kafin ya fitar da kuɗin akwati, 'yan majalisar Faro-et-Déo kuma su sami takardar da za su ajiye a gaban ministar sadarwa Minette Libom Li Likeng.