Hakeem Olajuwon: Ta Ƙofar Makaranta Ya Fita Duniya

Duk wanda ya san wasan ƙwallon kwando ya san sunan Hakeem Olajuwon, mutumin Ikko wanda ya shekara 18 yana wasa a babbar gasar Amurka da ake kira NBA. Abin da ya kamata 'yan Arewa mazauna biranen Kudu su lura da shi a tarihin wannan bawan Allah shi ne ƙofar da ya bi ya fita duniya, wato makaranta.

An haife shi a Ikko cikin shekarar 1963, iyayensa Yarbawa ne masu cinikin siminti. Yana yaro tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, bai san ta kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. A lokacin yana ɗalibi a Kwalejin Malamai ta Musulmi da ke Ikko, kuma da makarantar za ta shiga bikin wasannin kwalejojin malamai a Sakkwato, aka jawo shi daga cikin 'yan ƙwallon hannu aka sa shi cikin 'yan kwando. Da a ce yaron nan yana bakin kasuwa yana dakon siminti, da tsawon nasa na kusan ƙafa bakwai ya ƙare a abin kallo kawai.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston ta Amurka. Shekararsa ta farko bai buga gasa ba, ta biyu kuma yawanci a benci ya yi ta. Bai yi zuciya ba. Da aka yi hutu sai ya riƙa gwabzawa da Moses Malone, wani gwarzon NBA na wancan zamani, yana shan wuya yana koyon aiki. Sakamakon haka jami'arsu ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 1983 da 1984. Duka biyun an cinye su, amma duk da haka a 1983 shi aka zaɓa gwanin gasar.

A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi, shi ne na farko cikin dukan sababbin 'yan wasan shekarar, alhali Michael Jordan shi ne na uku. Sai dai kofi bai zo da wuri ba. A 1986 sun kai wasan ƙarshe, Boston Celtics ta kayar da su, sai da ya shekara goma cur kafin ya ɗaga kofi a 1994, bayan sun doke New York Knicks. A wannan shekara shi ne gwanin gasa, shi ne gwanin tsaro, shi ne kuma gwanin wasannin ƙarshe. A 1995 suka maimaita, suka ci Orlando Magic sau huɗu a jere. Ya yi ritaya a 2002 da maki 26,946, ya kuma kaɓe ƙwallo sau 3,830 kafin ta kai kwando. Mahaƙurci mawadaci.

Iyaye da yawa a zangunan Kudu suna da hujja biyu ta hana 'ya'yansu wannan hanya, kuma ba abin rainawa ba ne. Ta farko, suna cewa wasa shiririta ce, ba kowane yaro zai zama Olajuwon ba. Gaskiya ne, cikin dubbai da ƙyar a sami ɗaya. Amma yaron da ya shiga makaranta bai zama gwanin wasa ba, ai ya fito da karatu da rubutu da lissafi, waɗanda za su amfane shi ko da cinikin goro ko na shanu zai gada. Wanda aka bari yana gararamba a tasha fa, me ya fito da shi?

Ta biyu, suna tsoron kada boko a baƙuwar ƙasa ya raba yaro da addininsa. Nan ma akwai abin dubawa a tarihin Olajuwon. Yana tsakiyar shahara ya ƙara riƙo da ibada, har a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Yana buga wasa da azumi a bakinsa, kuma a watan Fabrairun 1995, wanda ya dace da Ramalana, shi aka zaɓa gwanin wata a NBA. Ashe tarbiyyar da aka dasa a gida ba ta tsoron ƙetare teku.

Akwai kuma abin takaici. Olajuwon ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1993, kuma lambar zinariyar da ya ci a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 ta Amurka ce. Nijeriya ta haifa, wasu suka rena, suka ci moriya. Wannan hannunka mai sanda ne ga hukumomi, domin ƙasar da ba ta tanadi fili da mai koyarwa a makarantunta ba, ba ta da bakin kuka in gwanayenta suka yi ƙaura.

Saboda haka ya wajaba sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal su sa maganar makaranta a gaba, su tabbata kowane yaro a unguwa ya haɗa allo da boko, su kuma nemi hukuma ta ba yaran filin wasa. Baiwa Allah ke bayarwa, ba ya kuma tambayar unguwar da aka haifi mutum, amma ba a ganinta sai an kai yaro inda ake gwadawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.