Baƙin Shafen Cikin Lofe: Kariya Ce ko Ɓoye Aibi?

Jama'a, kafin sigari ya mamaye kasuwanni, lofe dattawan da ke shan taba suka sani. Amma gardamar da zan kawo yau ta lofen Turawa ce, kuma tana da darasi ko ga wanda bai taɓa kusantar taba ba.

Mafi yawan lofen Turai ana sassaƙa shi ne daga gindin wani ice mai suna birayar, wanda ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, kamar Italiya da Girka da Aljeriya. Garin Saint-Claude na Faransa ya shahara da wannan sana'a tun ƙarni na 19. Icen yana jure wuta, amma ice ice ne. Sabon lofe idan aka zuƙe shi da gaggawa, cikinsa na iya ƙonewa har ya huje. Sai an bi shi sannu a hankali, toka da maiƙon taba su yi masa baƙin ɓawo mai kaurin kusan milimita ɗaya, sannan ya samu garkuwa.

Don cike wannan giɓi na farko, masu ƙira da yawa suna shafe cikin lofen da garin gawayi da aka kwaɓa da zuma ko kindirmo, wasu kuma da wani ruwan sinadari mai bushewa kamar gilashi. Masu goyon baya suna cewa shafen yana kare ice, yana kuma ba ɓawon wurin kamawa. Masu suka suna cewa yana gurɓata ɗanɗanon taba, har wasunsu kan kankare shi kafin su kunna wuta.

A ganina, maganar ɗanɗano ƙarama ce. Kowa ya san ruwan sabuwar randa yana zuwa da ƙanshin ƙasa, kwana kaɗan kuma ya wuce. Haka shafen nan: da zarar ɓawo ya rufe shi, harshe ya daina jin sa. Babbar magana ita ce, baƙin shafe yana rufe ido. Tsaga ko lago a cikin icen, wanda mai saye zai gani da an bar lofen tsirara, sai ya ɓuya har ranar da wuta ta tona shi, bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin haja ha'inci ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da ita. Saboda haka ban ƙi shafe ba. Abin da nake nema shi ne mai ƙira ya faɗi abin da ya kwaɓa, ya kuma ɗauki nauyin abin da ke ƙarƙashinsa.

Kada kuma wani ya ruɗu: gawayi da zuma icen suke karewa, ba bakin mai sha ko huhunsa ba.

Allah ya tsarkake cinikinmu.