Ido, Wa Ka Raina?

A watan Nuwamba na 1895 wani ɗan kasuwa mai suna Ambroise Vollard ya buɗe ƙaramin shagonsa a birnin Paris, ya jera zane-zanen wani mutum, Paul Cézanne, don jama'a su zo su gani. Wannan shi ne karo na farko da aka yi nunin aikinsa shi kaɗai, alhali kuwa yana da shekara 56. Muna so akawuna da malaman makaranta su dubi wannan labari da idon basira, gama akwai abin koyo a ciki.

An haifi Cézanne a 1839 a garin Aix, kudancin Faransa. Ubansa mai banki ne, ya sa shi karatun shari'a, shi kuwa ya bari ya kama zane. Abin da ya fi zanawa ba sarakuna ba ne, ba kuwa yaƙe-yaƙe ba. Tuffa ce a bisa tebur, da tulu, da kwano, da itatuwa, sai kuma wani dutse da ke gabas da garinsu, wanda ake kira Sainte-Victoire. Dutsen nan ya zana shi da fentin mai fiye da sau 30, yana lura da yadda launinsa ke sakewa da safe da maraice, da zafi da ɗari.

To, me masu hukunci suka yi da shi? Alƙalan babban nunin shekara na Paris sun yi ta mayar masa da aikinsa, sai a 1882 kaɗai suka karɓi guda ɗaya. Mutanen garinsu suka ɗauke shi ɗan mai kuɗi wanda ya rasa abin yi. Shugaban gidan ajiye zane na Aix ya ƙi yarda a shigar da aikinsa muddin yana riƙe da wurin. Da Cézanne ya rasu a 1906, baƙi suka yi ta saye suna kaiwa Amurka da Rasha da Ingila, manyan masu zane irin su Picasso da Matisse kuwa suka ɗauke shi malami.

Ga inda abin ya ƙare. Sai a 1984 gwamnatin Faransa ta ajiye zanensa guda 8 a gidan nan da ya ƙi shi. A 2025 kuma, da garin Aix ya so yi masa babban nuni, sai da aka aro ayyukansa daga ƙasashe dabam dabam. Watau abin da dā za su samu da arha a ƙofar gida, shi suka koma suna roƙo. Gaskiyar masu magana: ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Mu a ganinmu laifin ba na jahilai ba ne, na masu ilmi ne waɗanda aka ba amanar zaɓe, suka auna sabon abu da tsohon mudu. Irin wannan amana kuwa tana hannunku. Malami shi ke ganin yaron da ke zana kuka ko ƙwarya a bayan littafin lissafi, ya zaɓa ko ya tsawata masa ko ya ƙara masa takarda. Akawu shi ke fara karanta takardar mai neman taimako ko wurin nuna aikinsa, kuma sau da yawa a teburinsa magana ke mutuwa.

Ba mu ce kowane yaro mai fensir gwani ne ba. Abin da muke roƙo shi ne kada a yi gaggawar yanke hukunci, kada kuma a mai da darasin zane lokacin shara. Wanda ya koyi duban tulu har ya gane inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta, lalle ya koyi lura, ita ce kuwa tushen kowane ilmi.

Allah ya sa mu san darajar namu tun suna kusa.