Hutu A Kan Ruwa A Ingila: Wa Zai Ɗauki Nauyin Gyara?

Kowace shekara idan zafi ya shigo ƙasar Ingila, dubban iyalai sukan yi hayar siririn jirgin ruwa, wanda faɗinsa bai kai ƙafa bakwai ba, su yi mako guda suna bin tsofaffin hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu. A cikin jirgin ake girki, a ciki ake kwana. Doka ba ta yarda a wuce mil huɗu a awa ba, watau mai tafiya a ƙasa in ya ɗaga ƙafa sai ya cim musu. Inda ƙasa ta yi tudu akwai ƙofofin tare ruwa da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi da su, matafiyan ne kuwa suke buɗewa da kansu. A Tardebigge, kusa da Birmingham, har talatin ne a jere.

Asali ba don shaƙatawa aka haƙa hanyoyin nan ba. Ta Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761, kwal take kai wa Manchester. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, sai hanyoyin suka soma lalacewa. Gwamnati ta karɓe su a 1948, amma masu sha'awarsu ne suka yi tsayin daka har dokar sufuri ta 1968 ta amince a ci gaba da kula da su saboda masu hutu.

A 2012 gwamnati ta miƙa kimanin mil 2,000 ga wata ƙungiyar amana, Canal & River Trust, tare da tallafin shekara-shekara. Sai ga shi a 2023 ta ba da sanarwa cewa daga 2027 tallafin zai riƙa raguwa. Ƙungiyar ta ce in aka yi la'akari da hauhawar farashi, asarar za ta zarce fam miliyan 300 cikin shekara goma.

Hujjar gwamnati ita ce ƙungiyar ta nemi hanyar tsayawa da ƙafarta, an kuma riga an ƙara wa masu jirage kuɗin lasin. To, amma masu jirage 'yan kaɗan ne cikin masu cin moriyar. Mafi yawa masu yawo ne a bakin ruwa da masu keke, waɗanda ba su biyan ko kwabo. Bugu da ƙari, hanyoyin suna shan ruwa ne daga tsofaffin madatsai, garuruwa kuwa suna zaune a ƙarƙashinsu. A 2019, da madatsar Toddbrook ta nemi ɓallewa, sai da aka kwashe mutum wajen 1,500 daga garin Whaley Bridge. Wannan ba nauyi ne da kuɗin lasin zai iya ɗauka ba.

Ita ma Bridgewater, wadda take hannun wani kamfani, gaɓarta ta zabtare kusa da Dunham Massey a farkon Janairun 2025 bayan ruwan sama mai yawa, ruwan ya kwarara cikin gonaki.