Kada A Yi Gaggawar Kwance Inji

Sau da yawa ma'aikaci yakan ci bashi ya sayi mota ta hannu, kafin wata ya mutu sai inji ya kama ɓari, mota ta kasa hawan tudu. Nan take bakanike ya ce sai an kwance inji. Mu kam ba mu yarda da wannan gaggawa ba.

Abu uku inji yake bukata: wuta, da mai, da matsin iska. In silinda ɗaya cikin 4 ta daina cin wuta, wajen rubu'in ƙarfi ya tafi ke nan. To, a fara da mai araha. A duba fulogi da kwayil, sa'an nan matatar fetur da ta iska. Hayaƙi ma shaida ne: in baƙi ne, fetur ya yi yawa, in shuɗi ne, baƙin mai ke ƙonewa. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'ura, ta nuna silindar da ke da ciwo.

Saboda haka muna jan kunnen akawuna da malamanmu: sai an auna matsi, an ga ya ragu, tukuna a taɓa ringi. Bai kyautu albashi ya salwanta a kan zato ba. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.