Ruwa Ma Da Lokacinsa

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata 'yar magana ce ta tsaya min a rai.

Kwanaki ina rubuta wani littafi, sai na ɗauki ango da amarya na kai su tsibirin Zanzibar da ke Tanzaniya cin amarci, kamar dai yadda muka saba kai taurarinmu Dubai da Landan alhali wasunmu ko Legas ba mu taɓa takawa ba. Na ɗaura musu tukunyar iska a baya, gilashi a ido, suka nutse ƙasan teku suna kallon kifaye masu launi. Na sa abin a watan Afrilu, don a sanina lokacin zafi ne. Da ƙanena ya karanta sai ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ai tsakiyar damina kika kai su." Ashe can babban ruwansu daga Maris zuwa Mayu yake zuba, teku ta hargitse, ruwa ya gurɓace, wasu masaukan baƙi har rufewa suke yi. Masu nutso sun fi zuwa daga Yuni zuwa Oktoba, ko Janairu da Fabrairu, lokacin da mutum kan hangi abu a nisan mita 20 a cikin ruwa. Haka na yaga shafi huɗu ina ji ina gani.

To jama'a, abin da ya dame ni shi ne, mutumin da ya iya ruwa, ga kayan aiki, ga malami a gefensa, sai ya tambayi wata kafin ya shiga. Mu kuwa yaranmu fa? Da an sauko daga Idi sai bakin dam ɗin Kazaure. Ita kuwa Sallah kowace shekara matsowa take yi da kamar kwana 11, bana ta faɗo a bazara, bayan wasu shekaru a sanyi, wata rana a tsakiyar damina. Yaro bai san wannan ba, shi dai ya san inda ya tsaya bara ruwa iya ƙugunsa.

Ni a ganina babu lokaci mafi muni kamar Agusta. Kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini daga Roni zuwa Gwiwa da Babura duk sun cika sun batse, ruwan ja wur, ba ka ganin ko tafin hannunka balle gaɓar rami. Bazara kuma mayaudariya ce. Zafi na kora mutum ruwa, ruwan ya ja baya ana ganin ba zurfi, amma laka ce a ƙasa, in ta riƙe ƙafa sai wani ikon Allah.

Iyayenmu ba su jahilci wannan ba. Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934. Bisa al'ada sai wajen Fabrairu ko Maris ake yin sa, bayan kogin Matan Fada ya sauka ya kwanta, kuma duk da masunta ne 'ya'yan masunta, ba mai tsoma ƙafa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wannan lokacin ni ma zan zaɓa a nan wajenmu: sanyi ya fara sauka, ruwa ya lafa, da rana tsaka, kuma da masunci a kusa wanda ya san wurin. Ko a hakan ban ce a saki jiki ba, domin tsargiya ba ruwanta da wata, yaro ya dawo gida lafiya lau, bayan 'yan watanni a ga jini a fitsarinsa.

Su ango da amarya dai na mayar da tafiyarsu Satumba. Ƙanen nawa ya sake kamo ni da wani kuskuren, wai ba a hawa jirgin sama ranar da aka yi nutso, sai an kwana. Dole na ƙara musu dare ɗaya a tsibirin, amarya kuwa ba ta yi ƙorafi ba.