Gwanin Kwamfuta A Kasuwar Hannun Jari: Daga Aji A Ke Farawa

Jama'a, kwanan nan ba abin da na ke ji a bakin waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai sai zancen ajiye alli a koma rubuta manhajar kwamfuta, wai can kuɗi su ke, tun ba wurin masu cinikin hannun jari ba. Ban ce ƙarya su ke yi ba. Amma ya kamata mu san irin nauyin da ke kan manyan ma'aikatan wannan sana'a.

Da can da baki a ke cinikin nan, dillalai su taru a zaure guda suna ɗaga murya. Haka aka fara a kasuwar Ikko cikin 1961, sai a 1999 aka koma ga na'ura. Yau a Amurka da Ingila kwamfuta ce ke saye da sayarwa, kafin ka ƙifta ido ta ƙulla ciniki barkatai. A 2010 har wani kamfani ya binne waya tun daga Shikago zuwa kusa da Niyok, don kawai a rage wa saƙo ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba.

To, wane ne babba a wannan aiki? Ba mai saurin hannu ba ne kurum. Lalle sai ya ƙware da harsunan kwamfuta irin su C++ da Java, ya san lissafi da dokokin kasuwa. Amma babban aikinsa shi ne duba abin da na ƙasa da shi suka rubuta, ya gwada, ya sake gwadawa, in ya ga kuskure ya hana a saki, ko da manyansa na gaggawa.

Ku dubi abin da ya sami kamfanin Knight Capital na Amurka ran 1 ga Agusta, 2012. An sa sabuwar manhaja a na'urori bakwai, aka manta da ta takwas. Da aka buɗe kasuwa sai wani tsohon umurni da ke kwance cikinta ya farka, ya yi ta ciniki ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 suka yi hasarar wajen dala miliyan 440. Shekara na zagayowa aka haɗe kamfanin da wani. Masu ilmi kuwa suna nan cike da gidan, rashin mai bin sawu ne ya jawo.

A ganina wannan hali na bin sawu a ajin firamare a ke dasa shi, sa'ad da malami ya ce wa yaro ya koma ya sake duba lissafinsa. Jim Simons ma, wanda ya kafa kamfanin Renaissance a 1982, malamin lissafi ne a jami'a kafin ya shiga kasuwa.

Saboda haka wanda Allah ya ba basira, ya nemi wannan sana'a, ban hana shi ba, sai dai ya san shekaru a ke yi ana koyo kafin a damƙa wa mutum dukiyar jama'a. Mu kuwa da za mu tsaya a aji, kada mu bar yaro ya wuce da amsar da bai duba ba, ko da daidai ta ke. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.